Me ya sa mutanen cikin labarina duk bakinsu ɗaya?

Wata ƙanwata marubuciya ta turo min babi uku na littafin da take sakewa feji-feji a guruf ɗin WhatsApp, ta haɗa da tambaya. Ta ce, "Anti, masu karatu suna cewa labarin da daɗi amma hirar ba ta shiga ransu, wata ma cewa ta yi in aka rufe sunaye ba za a gane uwa ce ke magana ko 'yar ba. Dan Allah ta ina zan fara gyarawa?" Na ce mata bari in amsa a fili saboda ba ita kaɗai ba ce, kusan duk rubutun da ake kawo min dubawa wannan ciwon ne a jikinsa.

To ƙanwata, na karanta babin ukun tas, kuma gaskiya wadda ta faɗa miki haka ta yi miki adalci, ki riƙe ta da kyau, irin su ne masu karatun da ake nema. Jigonki mai kyau ne, kin iya jan zare, ƙarshen kowane feji yana sa mutum son ganin na gaba. Inda matsalar take shi ne mutanenki duk abin da ke cikinsu suke amayarwa, kowa ya buɗe baki sai ya faɗi ainihin abin da ke ransa tiryan-tiryan har da dalili da tarihi, alhali ki duba gidanku ki duba unguwarku, wa kika taɓa gani yana magana haka? Mu fa Hausawa rabin maganarmu a ɓoye take. Ki je duba mara lafiya a asibiti, mutum yana kwance ko juyi ba ya iyawa, ki ce ya jiki, zai ce miki da sauƙi. A aiko daga gida a ce ki taho yanzu jikin Baba ya yi tsanani, ke da kanki tun a mota kin san abin da ake nufi, kin fara kuka tun ba a faɗa ba. Masu neman aure su zo su cika zaure su ce iri suka zo nema. Wannan shi ne harshen da kike rubutu da shi, to in kika cire masa wannan lulluɓin, kalmomin dai Hausa ne amma mutanen sun daina zama Hausawa, shi ya sa mai karatu take jin wani iri ba ta san dalili ba.

Bari in ɗauko wurin da ya fi damuna a babi na biyu, inda jarumarki ta yi yaji ta dawo gida. Kin sa ta shigo ta faɗa jikin uwarta tana cewa Mama na gaji da auren nan, tunda ya auro amarya shekara biyu da suka wuce ba ya kula ni, ba ya cin abincina, kuma kin san dama ba na son shi Baba ne ya tilasta min. Uwar kuma ta amsa da dogon jawabi na haƙuri kusan rabin feji. Ki lura, duk abin da yarinyar ta faɗa uwar ta riga ta sani, ai tana nan aka yi auren, tana nan aka yi amaryar. Kenan ba da uwarta take magana ba, da mai karatu take, ke ce kika ari bakinta kika isar da saƙo, kuma mai karatu tana ganewa ko ba ta iya faɗar sunan abin ba. Ga yadda ni zan taɓa wurin, ki gwada ki ji:

Ta yi sallama a ƙofar tsakar gida ana gab da la'asar. Inna tana tsince shinkafa a faranti, ta ɗago ta amsa, idonta ya sauka kan akwatin kafin ya hau fuskar 'yar.
"Ke ce da ranar nan?"
"Ni ce Inna. Ina wuni."
"Lafiya lau. Ya mutan gidan?"
"Suna gaishe ku."
Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Sai da ta fitar da tsakuwa biyu ta jefar sannan ta ce, "Shi ya san kin taho?"
Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.
"Shigar da akwatin nan ƙuryar ɗaki kafin Malam ya fito masallaci. Akwai sauran ɗanwake a kwanon can."

Ba wanda ya ce yaji, ba wanda ya ce kishiya, ba a ambaci auren dole ba, amma duk macen da ta karanta ta san me ya faru, ta san Inna ta gane, ta san Inna tana tsoron abin da Malam zai ce, kuma ta san ɗanwaken nan shi ne rungumar da uwar ba za ta iya yi da hannu ba. Sauran bayanin, batun amaryar da batun abinci, ki bar shi ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, wani a bakin ƙanwarta da dare suna kwance, wani a bakin maƙwabciya da ta leƙo aron turmi don ta ga ƙwaƙwaf. Mai karatu tana son a bar mata aikin da za ta yi da kanta, in kika tauna mata komai kika sa mata a baki, ba za ta daɗe ba za ta ajiye wayar.

Sai batun da na fi so ki zauna a kansa, wato wa yake magana da wa. A Hausa kafin mutum ya furta kalma ɗaya matsayinsa ya riga ya yanke masa abin da zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba. A littafinki jarumar 'yar fari ce, amma uwar tana kiran sunanta gatsau a kowane layi, har da su "'yata abin ƙaunata". In uwar 'yar boko ce 'yar zamani a Abuja, to babu laifi, akwai su da yawa yanzu, amma kin ce mana matar ƙauye ce mai shekara hamsin da wani abu wadda aka yi wa aure tana ƙarama, irin wannan alkunyar ɗan fari a jininta take. Kakata ta wajen uba har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kira sunan mahaifina ba, shi ne ɗanta na fari, "wannan" take cewa ko "uban yaran nan". Lokacin da ya yi wata doguwar jinya, ina kallonta, za ta zo har gidan ta zauna a tabarma a tsakar gida ta ƙi shiga ɗakin da yake, sai ta tare mahaifiyarmu a bakin murhu ta ce ƙasa-ƙasa "ya mai jikin, ya ɗan sha kunun?" in aka ce ya sha sai ta gyaɗa kai ta kama jan carbinta. Ranar da ya fara takowa waje da kansa ko kallonsa ba ta yi ba, tashi ta yi ta ce bari ta tafi gida ta bar awaki ba ruwa, amma ni da na raka ta bakin hanya na ga tana goge ido da gefen zane. Wallahi duk wata kalmar so da zan ƙirƙira in sa a bakin tsohuwar nan ba za ta kai wannan nauyi ba. Irin wannan nake so ki riƙa nema.

Haka matar aure ta wancan zamanin ba ta kiran sunan miji, Malam ne ko Alhaji ko maigida ko baban wane, wani lokacin ma "shi" kawai, kowa ya gane. Yaron da aka sa wa sunan kakansa ba a kiran sunan a gidan, ya zama Abba ko Baba ko mai sunan Malam, yarinya ta zama Ummi ko Iya. Suruka da surukarta akwai kunya, kaka da jika kuwa akwai wasa, tsohuwa za ta ce wa jikanta namiji mijina ka zo ba cefane, shi kuma ya tsokane ta da cewa ta tsufa zai sake ta. Taubasai suna da nasu wasan, Bakano da Bazazzagi in sun haɗu sai sun taɓa juna, haka Bafulatani da Babarbare. To ki ga fa, kafin ki zauna ƙirƙirar wa kowane tauraro salon maganarsa, al'ada ta riga ta yi miki rabin aikin kyauta. Kuma amfaninsa mafi girma shi ne ranar da aka karya dokar. In kin yi babi ashirin matar nan tana cewa Malam, Malam, sai ranar da tura ta kai bango ta dube shi ta kira sunansa na yanka, ba kya buƙatar rubuta cewa ranta ya yi mummunan ɓaci, mai karatu da kanta za ta dafe ƙirji. Amma in tun feji na ɗaya kowa yana kiran sunan kowa, kin zubar da wannan makamin tun ba a fara yaƙin ba.

Faɗan kishiyoyin da kika rubuta a babi na uku ma haka, kin sa su tsaya cirko-cirko suna zagin juna ƙiri-ƙiri. Ana yi, ban ce ba a yi ba, amma wannan sai abu ya kai ƙarshe. Yau da gobe habaici ne. Uwargida za ta kori kaza daga kan shanyar gero tana cewa kai wannan kaza da shisshigi take, ba a gayyace ki ba kin zo kin baje, amarya tana ɗaki tana ji, ita kuma ta ƙara sautin rediyo ko ta kama 'yar waƙa tana wanke-wanke. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In maigida ya shigo ya tambaya a ce ai da kaza nake. Wannan ya fi zagi ciwo kuma ya fi daɗin karatu nesa ba kusa ba, sannan yana ba ki dama ki ja rigimar ta yi tsawo tana tsima kafin ta fashe.

Karin magana kuma ki yi hattara. Na ga kin zuba guda huɗu a bakin yarinya 'yar shekara sha tara a hira ɗaya da saurayinta, hakan ba ya faruwa. Ki ba tsohuwa ɗaya ko dattijo ɗaya wannan baiwar ya zama da ita aka san shi, kuma ki zaɓi wadda ta dace da halin mai faɗar. Matar da aka zo gaya wa asarar da ta samu abokiyar gabarta ta taɓe baki ta ce "ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu", kin gama gaya mana wace ce ita a layi ɗaya.

Game da karin harshe, na ji daɗi da kika kawo direban nan Basakkwace, sai dai ya fara da Sakkwatanci a layi biyu na farko daga nan ya rikiɗe ya koma Bakano. In za ki yi, ki riƙe 'yan alamomi kaɗan ki dawwama a kansu: mi kaka so, munka tahi, sunka ce, wanga yaro, ɗiyata, zamna. Sun isa. Kada ki ce sai kin rubuta kowace kalma yadda take fita a bakinsa, za ki wahalar da mai karatu, kuma in ba ki iya sosai ba Sakkwatawan da ke guruf ɗin za su ji kamar kwaikwayonsu kike don a yi dariya. Abin da ya fi, ki nemi 'yar can ta duba miki layukansa kafin ki saki. Mutumin Zariya ko Bauchi za ki ji ya ce motan nan, matan nan, inda Bakano zai ce motar nan, matar nan. In kuma tauraronki daga Maraɗi ko Damagaram ya zo, to ɗansa lakwal yake zuwa, kuma in ya ce jika biyar yana nufin sefa dubu biyar ne, kar ki sa shi yana lissafi da naira a zuciyarsa. Ƙananan abubuwa ne amma su ke sa a yarda da mutum.

Turanci fa? Na san za ki tambaya, don jaruminki likita ne kuma kusan rabin maganarsa da Turanci kika rubuta. Ni ba na cikin masu cewa haramun ne a sa Turanci a labarin Hausa, ai haka 'yan jami'a da ma'aikata suke magana, in kika hana su kwata-kwata ma kin yi ƙarya. Tambayar ita ce da wa yake yi kuma a wane hali. Likitan nan zai surka da abokin aikinsa, zai surka da budurwarsa a waya, amma in ya durƙusa gaban kakarsa a ƙauye Hausa zalla zai yi, in kuwa ya kuskura ya surka to ya kamata tsohuwar ta tanka masa. Kuma mutum in ya firgita da gaske ko aka yi masa rasuwa, harshen da ya sha a nono shi ke fitowa, salati zai yi. Sannan ki tuna da masu karatunki na Nijar da matan da ba su yi boko mai zurfi ba, su ne fa suka fi kowa riƙe littattafan nan, duk layin da kika rubuta da Turanci zalla kin rufe musu ƙofa a wurin.

Akwai wasu kalmomi da suka zama kamar gishiri a rubutun onlayin, kowa na barbaɗawa: ya sauke ajiyar zuciya, ta turo baki, ya lumshe ido, ya ɗaure fuska tamau, murya can ƙasan maƙoshi. Na ƙirga ajiyar zuciya goma sha ɗaya a babi ukun nan naki. Ba laifi ba ne a yi amfani da su jefi-jefi, amma in kowa a littafin yana sauke ajiyar zuciya to ta daina nuna komai. Ki ba hannayensu aikin yi maimakon haka, aikin da ya dace da inda suke. Mace tana tankaɗe, tana ƙulla ƙuli a leda, tana tsifar kan 'yarta sai ta ja gashin da ƙarfi daidai lokacin da aka ambaci sunan da ba ta so, yarinyar ta yi ƙara. Tela yana magana da allura a baki. Dattijo yana ɓare goro ya tsaya cak. Labarin zuciya a tambayi fuska aka ce, ni kuma na ƙara da hannu. Haka nan "a zuciyarta ta ce" da kike yawan sawa bayan kowace magana don ki fassara mana abin da take nufi, cire mafi yawansu, in hirar ta ginu ba ta buƙatar tafinta.

Gaisuwa kuma a taƙaice: ba dole sai kin kawo ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya aiki, ya ruwa duka ba duk sanda mutum biyu suka haɗu, ki ce suka gaisa ki wuce. Sai in gaisuwar ce da kanta take ɗauke da labarin, kamar wadda aka gaida ta amsa a daƙile, ko surukin da ya ƙi tsugunawa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta rubutun gajerun labarai, da aka fara a 2016 kalma 1,000 zuwa 1,500 ake ba mutum, in kin taɓa gwada rubuta labari a wannan ma'aunin za ki gane tsadar kowane layi, kuma ina ba ki shawara ki gwada ko ba za ki tura ba, horo ne mai kyau.

Yanzu ga abin da za ki yi a aikace. Ki ɗauki babi na biyun nan ki kwafe hirar kaɗai, ki goge duk wani ya ce da ta ce da sunaye, ki ba wata a gidanku ta karanta miki da ƙarfi kina saurare ido rufe. Duk inda ke da kika rubuta kika rasa wa ke magana, ki sa alama. Duk inda mai karantawar ta yi tuntuɓe ko numfashinta ya ƙare kafin jimla ta ƙare, nan ma alama, don ba mai magana da jimlar da ba a iya faɗa da numfashi ɗaya. Wannan gwajin yana da muhimmanci musamman yanzu da ake karanta littattafai a gidajen rediyo da tashoshin YouTube, mai saurare tana girki ne ko tana ɗinki, ba ta ganin alamar zance ba ta ganin sakin layi, murya kawai take bi. Kuma ko a rubuce, dan Allah kowane mai magana ki ba shi sabon layi, a waya ake karantawa, in kika cusa maganar mutum uku a dunƙule ɗaya ido yana gajiya. Ki riƙa rubuta "ya ce" da "ta ce" a rabe, ba "yace" da "tace" ba, yadda ƙa'ida ta tanada, ki sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, akwai kibod ɗin Hausa a waya kyauta, don ƙasa daban kasa daban.

Sauran aikin kuma na kunne ne. Ki riƙa zama inda mata suke hira ba tare da kin sa baki ba, gidan suna, gidan kitso, layin awo, cikin adaidaita sahu in an cika. Ki saurari yadda ake katse juna, yadda ake tambaya a amsa da wata tambayar, yadda mace za ta zo aron kuɗi ta yi awa guda tana zancen tsadar masara sai ta miƙe za ta tafi ta kai bakin ƙofa sannan ta ce "af, na ma manta abin da ya kawo ni". In kin koma gida ki rubuta layi biyu ko uku da suka maƙale miki a wani ɗan littafi, ba sirrin mutane za ki kwasa ba, yanayin fitar maganar kike so. Ni har yau ina da irin wannan littafin a jaka.

Ki sake rubuta wurin dawowar yajin nan da kanki, kar ki ɗauki nawa, ki sa uwar da kika sani a ranki, ki hana su duka biyun ambaton mijin da amaryar har a gama fejin. Sannan ki duba min Malam, in ya dawo daga masallaci ya ga takalmin 'yarsa a ƙofar ɗaki, me zai fara cewa, kuma wa zai gaya wa, ita ko uwarta? In kin gama ki turo min in gani kafin ki saki a guruf.